Musayar Mookie Betts: asara ce Red Sox ta tafka, ko dole ce ta sa?

DanFenway:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bin ƙwallon besbol. Da'awata ita ce, tun da Harry Frazee, mai ƙungiyar a lokacin, ya sayar wa New York Yankees da Babe Ruth a ƙarshen 1919, Boston Red Sox ba ta sake yin cinikin da ya kai musayar Mookie Betts muni ba. Ga yadda abin ya kasance, saboda waɗanda ba su bi labarin ba. A watan Fabrairun 2020 ƙungiyar ta miƙa wa Los Angeles Dodgers Betts da mai jifa David Price, ta kuma ɗauki nauyin rabin dala miliyan 96 da suka rage a kwantiragin Price, ita kuwa ta karɓi Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. Betts yana da shekara 27 a lokacin. Shi ne gwarzon ɗan wasan American League (ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babbar gasar) na 2018, shekarar da ya buga hom-ran 32, wato bugun da ke tsallake shingen fili, Boston ta ci wasa 108, ta kuma ɗauki kofin World Series, wato kofin zakaran babbar gasar, a hannun ita wannan Dodgers ɗin. Daga tafiyarsa zuwa 2025 Dodgers ta ɗauki kofi sau uku yana cikinta, a 2020 da 2024 da 2025, ita kuwa Boston ta ƙare a ƙasan teburin rukuninta a 2020 da 2022 da 2023. Duk wanda yake ganin akwai hujjar kare wannan ciniki, ina roƙonsa ya kawo ta mu ji.

Akanta_Sule:
Wa alaikumus salam, Malam DanFenway. Lissafinka daidai ne, amma ka bar abu mafi muhimmanci a baya, wato shekara ɗaya tak ta rage wa Betts kafin ya samu 'yancin zaɓar duk ƙungiyar da ya ga dama. A dokar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ɗan wasa yana ƙarƙashin ikon ƙungiyarsa har ya cika shekara shida a babbar gasa, kuma 2020 ita ce shekararsa ta ƙarshe, a kan albashin dala miliyan 27. Shi da kansa ya tabbatar da cewa ya ƙi tayin dala miliyan 200 na shekara takwas da aka yi masa bayan kakar 2017, kuma bai ɓoye cewa yana son ya ga farashinsa a kasuwa ba. Da Boston ta riƙe shi ya tafi a ƙarshen shekara, diyyar da za ta samu ba ta wuce gurbi ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa ba, shi ma sai bayan zagaye na huɗu, domin haka dokar ta tanada wa ƙungiyar da ta haura iyakar albashi. Saboda haka ba tsakanin riƙe Betts shekara goma sha biyu da karɓar Verdugo aka yi zaɓi ba, tsakanin shekara ɗaya ne da 'yan wasa uku.

DanFenway:
Malam Sule, wata biyar bayan musayar, a watan Yuli, Betts ya sa wa Dodgers hannu a kwantiragin shekara 12 a kan dala miliyan 365, ba tare da ya taka wannan kasuwa da kake magana a kai ba. Ashe ba kasuwar ce ta dame shi ba, farashin da ya dace yake nema.

Akanta_Sule:
A watan Yulin 2020 annobar korona ta rufe filayen wasa, an taƙaita kakar zuwa wasa 60 babu ɗan kallo ko ɗaya, kuma babu wanda ya san yadda kasuwar 'yan wasa za ta kasance a ƙarshen shekara. Mutumin da aka ajiye wa dala miliyan 365 a gabansa a irin wannan yanayi zai karɓa, ko da a watan Janairu yana da wani tunani dabam. Ka kuma tuna cewa dala miliyan 115 daga cikin kuɗin an jinkirta biyansu zuwa bayan ƙarewar kwantiragin, abin da ya rage ainihin darajarsa.

Kop_Katsina:
Ina neman afuwa, ni mai goyon bayan Liverpool ne, kuma abin da ya jawo ni wannan zaure shi ne John Henry, tunda kamfaninsa na Fenway Sports Group shi ke da ƙungiyoyin biyu. Tambayata ita ce, nawa aka sayar da shi Betts ɗin? Domin mu da aka sayar wa Barcelona da Coutinho a Janairun 2018 mun yi ta ƙorafi, amma a wannan shekarar aka kawo Van Dijk da Alisson, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya. Ko ba irin wannan dabara ce aka yi a Boston ba?

Hajiya_Bilki_Ohio:
Ɗan'uwa Kop_Katsina, tsarin ba ɗaya ba ne. A besbol na Amurka a yau ba a sayar da babban ɗan wasa a karɓi tsabar kuɗi kamar yadda ake yi a Turai, musaya ake yi, mutum da mutum, kuma kwantiragin ɗan wasan yana bin sa zuwa sabuwar ƙungiyarsa yadda yake. Ba a ma neman yardarsa, sai idan akwai sharaɗin hana musaya a kwantiraginsa, ko kuma ya yi shekara goma a babbar gasa, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. Abin da Boston ta samu ta fuskar kuɗi shi ne sauke nauyin albashi. Akwai iyakar da ake sa wa jimillar albashin kowace ƙungiya, a 2020 dala miliyan 208 ce, kuma wanda ya haura ta zai biya haraji a kan abin da ya ɗoru: kashi 20 cikin ɗari a shekarar farko, kashi 30 a ta biyu, kashi 50 a ta uku idan ya jera su. Boston ta haura a 2018 da 2019, don haka suka so su sauko ƙasa shekara ɗaya domin lissafin ya koma farko. Wannan ne dalilin da ya sa aka haɗa Price a cikin cinikin, kuma haɗa shi ɗin ne ya rage ingancin matasan da Dodgers ta yarda ta bayar.

Kop_Katsina:
Na gode, Hajiya. Ke nan ita ce ta bayar da gwarzonta, ita ce kuma ta bi shi da kuɗi. Wannan kam ba mu taɓa ganin irinsa a Anfield ba.

Baba_Tsoho54:
Yara, kada a ɗora laifin a kan Chaim Bloom, shugaban sashen wasan Red Sox da ya yi musayar, ku bar shi ya huta. Ni na fara kallon Red Sox tun lokacin da ake kirga shekarun rashin kofi, kafin 2004 ta kawo ƙarshen shekara 86 na jira, kuma abin da na lura da shi shi ne ba a cika yanke hukuncin irin wannan musaya a ranar da aka sanar da ita ba. An yanke hukuncin tafiyar Betts tun a hunturun da ya biyo bayan kofin 2018. A watan Disamba Dave Dombrowski, shugaban sashen wasa na lokacin, ya ba Nathan Eovaldi dala miliyan 68 na shekara huɗu, a watan Maris na 2019 ya ba Chris Sale ƙarin shekara biyar a kan dala miliyan 145, alhali kowa ya ga kafaɗar Sale ta ba shi matsala a rabin ƙarshe na 2018. Ga kuma Price yana cin sama da miliyan 30 a shekara. Aka zuba kuɗi a hannayen masu jifa uku da dukansu suna da tarihin rauni, aka bar yaron da ƙungiya ta zaɓo da kanta a zagaye na biyar a 2011, ta raine shi har ya zama gwarzo. A watan Satumban 2019 aka sallami Dombrowski, aka ɗauko Bloom daga Tampa Bay a watan Oktoba, kuma masu ƙungiyar sun riga sun faɗa a bainar jama'a cewa burinsu su sauko ƙasa da iyakar haraji. Bloom ya tarar da umarni ne a kan tebur. Sale kuwa, a ƙarshen watan Maris, bayan tafiyar Betts, aka yi masa tiyatar gwiwar hannu, bai jefa ƙwallo ko ɗaya ba a 2020.

Zango_Bronx:
Baba, gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan Yankees ne, gidanmu ba shi da nisa da filin wasan, don haka ba zan yi muku kara ba. Amma ni ma wannan musaya ta ƙone ni ta bayan fage. A Disambar 2023 Boston ta turo mana Verdugo, kuma a wasa na biyar na World Series ɗin 2024, bayan mun zubar da ratar biyar da babu a zagaye na biyar, Betts ne ya buga ƙwallon da ya ba Dodgers makin nasara a zagaye na takwas, Verdugo kuma shi ne mai bugu na ƙarshe da Walker Buehler ya fitar aka tashi wasa. Mutum biyun da aka yi musayarsu da juna, ɗaya ya ci kofi, ɗaya ya rufe ƙofa. Abin da zan ce game da tambayar Malam DanFenway shi ne, lokacin da Aaron Judge ya samu 'yancinsa a ƙarshen 2022, Yankees ta ba shi dala miliyan 360 na shekara tara ta riƙe shi. Ƙungiyar da take cika fili irin Fenway Park, take da tashar talabijin tata, ba ta da bakin kukan talauci.

Akanta_Sule:
Malam Zango, babu wanda ya ce talauci. An ce tsari. Kuma tsarin bai hana Boston cin wasa 92 a 2021 ba, ta fitar da ku a wasan neman gurbi, ta fitar da Tampa Bay, sai a matakin kusa da na ƙarshe Houston ta tsayar da ita. Verdugo yana cikin waɗanda suka yi ƙoƙari a wannan zagaye. Masu kirga shekarun ƙasan teburi su riƙa kirga wannan ma.

Ummu_Haidar:
Ni ba tafiyar Betts ce ta fi ba ni haushi ba, abin da aka karɓo ne. Jeter Downs, wanda aka ce shi ne matashin da zai gaji gurbin tsaron tasha ta biyu a fili, an sallame shi a Disambar 2022 bayan 'yan wasanni kaɗan a babbar gasa. Verdugo ɗan wasa ne matsakaici, ya yi kaka huɗu ya wuce. Wong kaɗai ya daɗe, shi ma mai cafewa ne da ba a gina ƙungiya a kansa. Ku kwatanta da abin da Washington ta samu da ta miƙa wa San Diego Juan Soto a watan Agustan 2022: James Wood da CJ Abrams da MacKenzie Gore, dukansu ukun an zaɓe su a wasan taurari daga baya. Bambancin shi ne Soto yana da sauran shekara biyu da rabi a hannun ƙungiya, kuma ba a ɗaura masa kwantiragin kowa a wuya ba. Idan Boston ta san ba za ta biya Betts ba, me ya hana ta musanya shi tun yana da sauran shekara biyu? Idan kuma ta jira har lokaci ya ƙure, me ya sa ta ƙara rage farashinsa da hannunta ta hanyar haɗa shi da Price? Makiyayin da zai rabu da saniyar da ke ba shi nono, ai ya kamata a ce maruƙan da ya karɓo sun kai a kalla.

Hajiya_Bilki_Ohio:
Maman Haidar, akwai wani ɓangare da ya kamata a ƙara a maganarki. Cinikin farko da aka cimma na ƙungiyoyi uku ne, kuma a cikinsa Boston za ta karɓi mai jifa Brusdar Graterol daga Minnesota. Da likitocin ƙungiyar suka duba takardun lafiyarsa sai suka ja da baya, aka sake zama, Graterol ya tafi Dodgers, aka sa Downs da Wong a madadinsa. Graterol ya yi wa Dodgers jifa a wasannin kofin 2020. Amma game da musanya Betts tun da sauran shekara biyu, ba na jin akwai shugaban ƙungiyar da zai iya fitar da gwarzon shekara makonni bayan an zaga gari da kofi. Da mutanen Boston sun cinye shi ɗanye.

Baba_Tsoho54:
Gaskiya ne, 'yata. Shi ya sa na ce lokacin biyan yaron shi ne hunturun 2018, lokacin da zukata ke da daɗi, ba lokacin musanya shi ba.

Dan_Damagaram:
Mu da muke kallo daga wannan ɓangare na duniya, wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a Boston sha biyun dare yake kamawa a nan, don haka ba kowace ƙungiya ake hana ido barci saboda ita ba. Ina so in dawo da mu kan tambayar farko, amma ta wata hanya. Da a ce Betts kaɗai ne, da sai a ce tsautsayi ne. Sai ga Xander Bogaerts ya tafi San Diego a Disambar 2022 a kan dala miliyan 280 na shekara 11. Aka ce to, an riƙe Rafael Devers, domin a Janairun 2023 an ba shi ƙarin shekara goma a kan dala miliyan 313.5, aka gabatar da shi a matsayin ginshiƙin gobe. Shekara biyu da rabi bayan nan, ranar 15 ga Yunin 2025, jim kaɗan bayan Boston ta share Yankees a wasanni uku a jere, aka tura shi San Francisco. Mutum ukun da aka yi renonsu a gida, suka ci kofin 2018 tare, babu ko ɗaya da ya rage. An canza shugaban sashen wasa daga Dombrowski zuwa Bloom zuwa Craig Breslow, amma mai gidan ɗaya ne.

Sadauki_Jos:
Ban yarda a haɗa Devers da Betts a kwando ɗaya ba. An kawo Alex Bregman a Fabrairun 2025, wanda ya fi shi iya tsaron tasha ta uku nesa ba kusa ba, aka ce Devers ya koma bugu kawai, ya yi ta gunaguni kafin ya yarda. Da Triston Casas ya ji rauni a gwiwa a watan Mayu aka nemi ya koma tasha ta farko, ya ƙi, ya kuma fito ya soki shugabanninsa a gaban 'yan jarida. Betts kuwa a Dodgers ya bar filin dama, inda ya tara kyaututtukan tsaro, ya koma tasha ta biyu, ya sake komawa gurbin da ke tsakanin ta biyu da ta uku, wanda ya fi kowanne wuya a cikin fili, yana da shekara sama da talatin. Daga nan ne ma ya kama ƙwallon da ya fitar da mutum biyu a lokaci guda aka rufe wasa na bakwai da Toronto a 2025. Wannan ne ya sa rashin Betts ya fi ciwo. Bogaerts kuma, duk wanda ya ga yadda bugunsa ya ragu a San Diego zai gode wa Allah da Boston ba ta bi wannan farashi ba.

Dan_Damagaram:
Malam Sadauki, shi Devers da ya isa San Francisco ai ya tsaya a tasha ta farkon. Abin da ya ƙi yi wa Boston ya yi wa wasu. Wannan yana nuna matsalar ba gurbin ba ne, yadda aka yi magana da shi ne, kuma yi wa ɗan wasa magana yadda ya kamata aikin shugabanni ne.

Akanta_Sule:
Tunda an taɓo Bogaerts, bari in nuna wa Malam DanFenway wani abu. Gurbin diyyar da aka samu saboda tafiyarsa, da shi aka zaɓo Kristian Campbell a 2023. A zamanin Bloom aka zaɓo Marcelo Mayer a 2021, da Roman Anthony a 2022, da Kyle Teel a 2023, shi ne kuma ya karɓo Wilyer Abreu daga Houston a musayar Christian Vázquez. Teel yana cikin matasa huɗun da aka ba Chicago White Sox a Disambar 2024 aka karɓo Garrett Crochet, wanda aka ba dala miliyan 170 na shekara shida, kuma ya zama jagoran masu jifan ƙungiyar. Anthony ma an ɗaure shi da kwantiragin shekara takwas tun a shekararsa ta farko. Da waɗannan Boston ta ci wasa 89 a 2025 ta koma wasannin neman kofi. Ginin da aka fara a 2020 ne ake shiga yanzu.

Ummu_Haidar:
Malam Sule, cikin sunayen nan da ka jero, wanne ne ya fito daga musayar Betts? Babu. Mayer an same shi a gurbi na huɗu ne saboda ƙungiyar ta ci wasa 24 ta sha kashi 36 a 2020, wato ladan lalacewa ne. Anthony da Abreu da Campbell kuwa, ana iya samunsu Betts yana nan. Dodgers tana biyan Betts, tana biyan Freddie Freeman, ta ba Shohei Ohtani dala miliyan 700, kuma ba ta daina raino matasa ba. Sannan kuɗin da aka ce an adana, ina suka tafi? Dala miliyan 140 ga Trevor Story, wanda rauni ya cinye masa mafi yawan shekaru ukun farko, da miliyan 90 ga Masataka Yoshida. A 2022 ma an sake haura iyakar harajin, aka kuma ƙare a ƙasan teburi.

Zango_Bronx:
Kada ku manta da Sale. Bayan duk haƙurin da kuka yi da rauninsa, a Disambar 2023 aka ba Atlanta shi, har da kuɗi a kai, aka karɓo Vaughn Grissom, shi kuwa a 2024 ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Kwantiragin da Baba ya ce shi ya kori Betts, wasu ne suka ci moriyar ƙarshensa.

Kop_Katsina:
Ina ta karantawa ina tuna yadda muka yi ta zullumi a kan kwantiragin Salah da Van Dijk har zuwa watan Afrilun 2025 kafin a sabunta, shi kuwa Alexander-Arnold, ɗan gida, ya tafi Real Madrid. Da alama mutanen nan suna da farashin da suke sa wa kowane ɗan wasa a takarda, kuma ba sa haura shi ko da magoya baya za su yi kuka. Sai dai a ƙarƙashinsu mun ɗauki kofin Turai a 2019 da na Firimiya a 2020 da 2025, ku ma kun ɗauki huɗu tun da suka sayi ƙungiyar a 2002.

DanFenway:
Huɗu ne, a 2004 da 2007 da 2013 da 2018, kuma ba na raina su. Amma dukansu an ci su ne lokacin da Boston take cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa kashe kuɗi, a 2018 ma ita ce ta farko. Malam Sule, ina da tambaya guda gare ka, kuma ina son amsa ba tare da jerin sunayen matasa ba. A Disambar 2024 New York Mets ta ba Soto dala miliyan 765 na shekara 15, kuma Boston tana cikin waɗanda suka yi zawarcinsa har zuwa ƙarshe. Idan masu ƙungiyar suna shirye su ba baƙo ɗaruruwan miliyoyi a 2024, me ya hana su ba ɗan gida rabin wannan kuɗi a 2019?

Akanta_Sule:
Soto yana da shekara 26 a lokacin, Betts kuwa da zai shiga sabon kwantiragi yana da 28, kuma ƙarfinsa ya dogara da gudu da saurin hannu, abubuwan da shekaru ke fara ci. Kwantiraginsa da Dodgers zai kai har 2032, yana dab da shekara 40, kuma a 2025 bugunsa ya yi ƙasa fiye da kowace shekara a rayuwarsa ta wasa. Bayan kakar 2025, sauran shekara bakwai a biya. Mu jira mu ga yadda za su kasance kafin a rufe littafin.

Hajiya_Bilki_Ohio:
Malam Sule, ko da daga yau Betts bai sake taɓa ƙwallo ba, kana ganin akwai mutum ɗaya a ofishin Dodgers da zai ce a mayar masa da kuɗinsa a karɓe kofuna ukun?